Buhu Biyu da Rabi a Madadin Inna

Babanmu gajere ne, shi ya sa abokansa suke kiransa Dogo. Tun suna samari suka laƙaba masa, ya yi faɗa har ya gaji, yanzu in ba Dogo ka ce ba ko waiwayowa ba ya yi. Aikinsa gyaran famfon ruwa ne, na gonaki da na gidajen bayan gari inda mota ba ta shiga. Ya fi shekara talatin yana wannan aiki, goma sha biyu daga ciki kuwa a kan babur guda ya yi su, wani ƙaramin babur na hawan daji mai tayoyi masu haƙora. Da can ja ne, rana ta cinye fentin har ya koma launin da ba shi da suna. Kullum da safe sai ya goge babur ɗin nan kafin ya nemi abin karyawa.

Ni ce 'yarsa ta biyu, tela ce ni, kuma shagona a jikin ƙofar gidanmu yake. Duk abin da ya faru a layinmu ina kan keken ɗinki nake kallonsa, don haka kada wani ya ce an ba ni labari ne.

Baba mutum ne mai hannu mai kyau da baki marar birki. In ya ɓata wa Inna rai, ba za ka ji ya ce komai ba, sai dai ka ga ya ɗauko akwatin kayan aiki. Muna yara har mun iya gane girman laifinsa daga girman gyaran. In ƙofar banɗaki ya zuba wa mai, ƙaramar magana ce. In ya kwance murhu ya sake haɗawa, to an yi sa-in-sa. Ranar da ya manta da ita a asibiti bayan haihuwar autanmu, ya tafi duba wani famfo har yamma, sai da ya sake wa kicin rufi gaba ɗaya.

Inna kuwa Allah ya yi mata jiki, ya kuma yi mata haƙuri irin mai ban tsoro. Ba ta ɗaga murya. Shekaru da yawa ita ce a bayan babur ɗin nan, jakarta a cinya, hannunta ɗaya a kafaɗar Baba, ko'ina tare.

Shekara biyu da suka wuce suna dawowa daga gidan ƙanwarta, sai suka faɗa ramin da ke bakin layinmu, daidai shagon mai aski. Bayan babur ɗin ya zauna ƙasa ji kake gaf, taya ta goga madigadi ta yi wani ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Bencin mai aski kuwa cike yake da maza marasa aikin yi.

“Dogo, lafiya dai?” in ji mai aski.

Da Baba ya yi shiru ya wuce, da yau ba ni da labarin bayarwa. Amma sai ya waiga, yana murmushi, ya ce, “Ai babur ɗin nan ba a yi shi don manyan kaya ba.”

Benci ya kwashe da dariya. Inna ta sauko a hankali, ta gyara mayafinta, ta rataya jakarta, ta taka har gida. Daga ranar ba ta sake ɗora ƙafarta a kan babur ɗin ba.

Baba ya zuba wa duk ƙofofin gidan mai. Ya gyara murhu, ya canza igiyar shanya, ya ƙera mata kujera mai wurin jingina. Ta zauna a kujerar, ta ce an gode, shi ke nan. Da farko abin dariya muka ɗauke shi, har sai da gwiwarta ta dama ta fara ciwo, likita ya ce duk Talata ta riƙa zuwa asibiti a yi mata gashin gwiwa. Asibitin yana can saman tudu, tafiyar minti arba'in a hanya mai duwatsu, masu baburan haya kuma ba sa son hawa wurin. Inna ta ɗauki sanda ta riƙa takawa. Ta je a yi mata gashin gwiwa, ta dawo gwiwar ta fi yadda ta tafi kumburi.

Wata Talata Baba ya bi ta a baya da babur a hankali, yana tafe yana cewa, “Innar yara, ki hau mana. Rana fa ta yi zafi.” Ta yi kunnen uwar shegu da shi har ƙofar asibiti. Ni kuwa ina shago ina cin raina. Haushinsu nake ji su biyun, shi da bakinsa, ita da taurin kanta, kuma tsoro nake ji kada ƙafar nan ta lalace a banza saboda maganar da bencin mai aski ma ya daɗe da mantawa.

A ƙarshe Baba ya yanke shawarar cewa laifin shokozoba ne. Irin babur ɗinsa guda ɗaya ce a baya, a tsakiya ƙarƙashin kujera, wani ƙarfe mai mai a ciki da sifirin naɗe a jikinsa, ita ke shanye duka in an faɗa rami. Tasa ta daɗe da zubar da man da ke cikinta, sifirin ɗin ma ya mutu murus. Sai ya nufi garejin abokinsa na ƙuruciya, wani bakanike da ake kira Mai Guduma, don duk abin da sifana ta kasa kwancewa shi guduma yake ɗaukowa, wani lokacin ma ba ya jiran sifanar ta kasa.

Mai Guduma ya ce yana da wata shokozoba da ya ciro daga wani babur da ya fi na Baba girma, lafiyarta ƙalau, sifirin ɗinta kauri kamar babban yatsa. Amma ba a ɗaure ta da ka, in ji shi, sai an san nauyin da za ta ɗauka.

Da yamma Baba ya leƙo shagona, ya duba hagu ya duba dama.

“Ke, zo nan. Katin asibitin Innarku, suna rubuta nauyin mutum a ciki, ko?”

“Suna rubutawa, Baba. Ai sai ka tambaye ta.”

“Ni in tambaye ta? Kin gaji da ganina ne a duniya?”

Na duba katin a jakarta tana wanka. Kilo tamanin da takwas. To a nan zan faɗi nawa laifin. Na san buhuna za su ɗora a madadinta, na kuma san Baba ne zai yi dakonsu, sai zuciyata ta ce bari mai maganar manyan kaya ya ɗanɗana manyan kaya. Na ƙara goma, na ce masa casa'in da takwas.

Ya yi lissafi da yatsunsa. “Da jaka da mayafi da sanda, a ce ɗari da goma. Gara ya yi yawa da ya sake zama ƙasa a gaban mutane.”

Washegari aka kira ni gareji da tef ɗina na awo, don na Mai Guduma lambobinsa sun goge. Da Baba ya faɗi ɗari da goma, sai Mai Guduma ya ja ni gefe ya ce, “'Yata, in namiji ya faɗi nauyin matarsa, to ya rage ne don kunya. A kawo buhun siminti biyu da rabi.” Na buɗe baki zan yi magana, na tuna goman da na ƙara, na rufe bakina.

Baba ya je wurin maƙwabcinmu magini ya aro buhunan. Sau uku ya yi sawu, yana haki, gumi har cikin ido. Ban ɓoye ba, na ji daɗin kallon.

Aikin ya ci wuni guda. Suka ɗora babur a kan kututture har tayar baya ta yi lilo, suka cire kujera, suka kwance kusa ta sama da ta ƙasa. Ta ƙasan ta yi tsatsa ta ƙi fita, Mai Guduma ya yi murmushin jin daɗi ya miƙa hannu ga masoyiyarsa. Da tsohuwar shokozobar ta fito, aka jera ta da sabuwa a ƙasa, na auna daga ramin kusa zuwa ramin kusa. Sabuwar ta fi tsawo da faɗin yatsa ɗaya da ɗan wani abu.

“Dogo, ka saurare ni,” in ji Mai Guduma. “Yatsa ɗaya a nan, yatsa huɗu ne a kujera. Babur ɗin zai tashi sama.”

“Shekara goma sha biyu ina hawan abin nan, yau kai za ka koya mini tsayinsa? Ɗaura kawai.”

Ramin kusar sabuwar ya fi faɗi, sai da suka yanko guntun bututu suka cusa a ciki don kada ta riƙa wasa, suka shafe da giris. Da aka ɗaure, sarƙa ta canza zama, aka sassauta tayar baya aka daidaita ta. Aka sauko da babur daga kututture, aka kafa masa ƙafarsa ta jingina, sai ya kwanta gefe kamar zai faɗi, don ƙafar ta yi masa gajarta. Aka kira mai walda na kusa ya ƙara mata guntun ƙarfe. Yanzu da nake tunawa, ƙafar babur ta yi gajarta a gaban idonmu mu uku, amma ba wanda ya kalli ƙafar mai babur.

Dalili kuwa shi ne, kafin Baba ya hau sai da aka ɗaure buhunan nan a baya da igiya. Ya hau, babur ya nutse, ƙafafunsa suka zauna daram a ƙasa. Mai Guduma ya yi alama da alli a jikin madigadi, ni kuma ina aunawa daga kusar tayar baya zuwa alamar, don a ga yawan nutsewar. In ta yi yawa, sai ya ɗora tsinken ƙarfe a kan zoben da ke matse sifirin, ya buga, zoben ya juya, sifirin ya ƙara tauri. Ya buga, na auna. Ya buga, na auna. Baba yana kai yana tsalle-tsalle a kujera yana cewa, “Ƙara. Ƙara dai. Ba na son jin ko ƙis.”

Da suka gamsu, Baba ya zagaya filin gareji, ya faɗa kowane rami da gangan, babur ko gezau. Ya koro shi gida da buhunan a baya, don ya mayar wa magini kayansa. Magini bai dawo daga aiki ba, sai aka shigar da babur tsakar gida da kayansa ɗaure. Inna ta kalli buhunan, ta kalli Baba, ta koma kicin.

Washegari Talata ce. Da sassafe Baba ya sauke buhunan, ya wanke babur har cikin haƙoran taya, ya ɗaura wani matashi mai laushi da ya sa na ɗinka a wurin zaman baya. Ya sa rigarsa ta fita unguwa. Ya turo babur waje ya tsayar da shi a jikin dakalin ƙofar gida, ya taka dakalin ya haye, ya tayar.

“Bari in zaga sau ɗaya inji ya yi zafi,” ya ce mini. “In ta fito, ki ɗan tsayar da ita da hira.”

Layinmu yana zagayawa ne ta bayan gidaje ya dawo ta gaban mai aski. Baba ya ɓace a kwana, Inna ta fito da sandarta da jakarta. Na ce mata ta ɗan jira in gyara mata bakin mayafi. Ta ce to, ta zauna a kan dakali, ta miƙe ƙafarta mai ciwo, ta gicciya sandar.

Sai ga Baba ya ɓullo, ƙirji a buɗe, yana zaune can sama kamar wanda aka ɗora a kan katanga. Ya rage gudu daidai gabanmu, ya miƙa ƙafar hagu zai dafa ƙasa. Ƙafa ta yi lilo a iska. Ya miƙa ta dama, ita ma haka. Babur ya fara layi, ya yi maza ya ƙara wuta ya wuce.

“Ina kuma za shi?” in ji Inna.

“Inji ne bai gama zafi ba,” na ce.

Zagaye na biyu ya zo yana zamowa gefen kujera, yana neman ƙasa da babban yatsa, saura faɗin tafin hannu. Ya wuce. A na uku ya daka mini tsawa, “Dakali! A ba ni dakali!” Duk layin nan ba wani tudu da zai taka sai dakalin da Inna ke kai. Na dube ta. Ta gyara zama, ta ƙara miƙe ƙafa, ta buɗe jakarta tana neman abin da ba ta ajiye ba.

Zuwa lokacin bencin mai aski ya miƙe tsaye gaba ɗaya, har da wanda aka aske wa rabin kai. Suna ƙirga masa zagaye da ƙarfi. Ni kuwa dariya ta ci ƙarfina, na riƙe ƙofar shago, hawaye na zuba, a raina kuma ina roƙon Allah kada tsohon nan ya karya ƙugu saboda kilo gomana.

A zagaye na biyar dabara ta zo masa. Akwai falwayar lantarki a gefen gidanmu. Ya nufo ta a hankali, ya taka birki, ya saki hannu ɗaya ya rungume ta. Inji ya mutu. Ga Baba nan a sama, hannu ɗaya a kan babur, ɗaya a wuyan falwaya, ƙafafu biyu suna reto, hularsa ta karkace.

Inna ta rufe jakarta. “Malam, lafiya? Ka sauko mana.”

“Ba ta kai,” ya ce a hankali.

“Me ka ce? Kunnena ba ya ji sosai.”

“Ƙafar. Ba ta kai ƙasa.”

“Ikon Allah. Jiya ai na ga tana kai.”

“Jiya da nauyi a baya. Sai da nauyi yake sauka.” Ya ƙara ƙanƙame falwaya. “Ki hau, don Allah.”

“Ni? A'a, Malam. Ka aika a ɗauko maka buhunanka. Ni ai manyan kaya ce, ba a yi shi don ni ba.”

Tausayin Baba ya kama ni sosai.

“Don ke aka yi shi,” ya ce. “Wuni guda muka yi a kansa. Bakina ne ya yi laifi ranar nan, babur ba ruwansa, ke ma ba ruwanki.”

Inna ta nuna bencin mai aski da sandarta. “Waccan maganar su ka faɗa wa. Wannan ma su za ka faɗa wa.”

Baba ya juya wuya iyakar yadda falwaya ta bari, ya ɗaga murya har ta fashe. “Ku ji, ku marasa aikin yi! In ba matar nan a bayana, ko tsayawa ba na iya yi!”

Ba wanda ya yi dariya, sai mai rabin aski da ya yi tari. Inna ta miƙe a hankali ta hau kan dakali. Ni da mai aski muka tallafi babur, muka ɓamɓare Baba daga falwaya, muka turo shi gabanta. Ta ba ni sandar, ta dafa kafaɗarsa, ta zauna a kan matashin. Babur ya nutse a hankali ba ƙara ba gogewa, har yatsun Baba suka taɓa ƙasa, sannan rabin tafin ƙafarsa. Ya sauke wani dogon numfashi.

“Sandar fa, Inna?” na tambaya.

“Ajiye ta. Ina da abin hawa.”

Kafin su dawo labari ya kai gareji. Da la'asar sai ga Mai Guduma da gudumarsa da tsinken ƙarfensa, yana dariya tun daga bakin layi. Ya same su a ƙofar gida, Inna a kan dakali, gwiwarta a naɗe da bandeji kuma ba kumburi, Baba a gefenta yana ɓare mata lemo.

“Dogo, an ce yau ka yi aure da falwaya,” ya ce. “Kawo in sassauta zoben nan. Aikin minti biyar ne, zai sauko daidai ƙafarka. Da ma mun cika masa tauri, buhu biyu da rabi ai ya yi yawa.”

Inna ta ajiye lemon. “Buhu nawa?”

Baba ya kalli Mai Guduma, Mai Guduma ya kalle ni, ni kuma na ga ba wurin gudu. Na faɗi goman da na ƙara. Baba ya faɗi nasa goma sha biyun yana kallon ƙasa. Mai Guduma ya ce shi cikawa kawai ya yi, don buhu ba ya zuwa da ɗari da goma. Inna ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, fuskarta a ɗaure, sai kafaɗunta suka fara motsi. Ta yi dariyar da rabon da in ji irinta shekara biyu ke nan, har tana share ido da bakin mayafi.

Mai Guduma ya ga an samu sauƙi, ya durƙusa a gefen babur, ya ɗora tsinken a kan zobe, ya ɗaga guduma. Inna ta miƙo hannu ta ɗauko sandarta daga jikin bango, ta ɗora bakin sandar a kan hannunsa.

“Bar shi haka.”

“Innar yara,” in ji Baba, “aiki fa? Gobe ina da famfo a bayan gari, tafiyar awa guda. Ni kaɗai ba na iya tsayawa.”

Ta ɗauki lemonta ta ci gaba da sha. “Ƙarfe nawa za mu tafi?”